Yadda ake gyara tsohuwar mafakar bam ta Anderson a lambun gida

Wanda ya sayi tsohon gida a Ingila, ko ya kama haya, musamman a garuruwan da suka sha ruwan bama-bamai a Yaƙin Duniya na Biyu, irin su Landan, Birmingham, Coventry, Hull da Liverpool, ba mamaki ya tarar da wani tudu a ƙarshen lambunsa, ciyawa ta lulluɓe shi, bakin kwano mai tsatsa yana leƙowa. Haka na tarar da tawa a Birmingham, har na ɗauka juji ne. Daga baya na gyara ta, na kuma taya maƙwabta da abokai gyara nasu.

Ana kiranta mafakar Anderson, da sunan Sir John Anderson, ministan da aka ɗora wa alhakin kare farar hula daga harin jiragen sama. An tsara ta a 1938, aka fara rabawa a unguwar Islington ta Landan a watan Fabrairun 1939, wata shida kafin yaƙi ya ɓarke. Gidan da samunsa bai kai fam 250 a shekara ba kyauta ake ba shi, sauran su biya fam 7. An ƙera wajen miliyan uku da dubu ɗari shida. Yaƙin nan ne iyayenmu ke kira yaƙin Hitila, wanda aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama, wato Burma, dominsa. Lokacin da suke can cikin daji, a nan iyalai suna kwana cikin waɗannan ramuka.

Abin da kake bukatar sani game da gininta kaɗan ne. Fallayen kwano ne goma sha huɗu, shida daga ciki lanƙwasassu, an haɗa kawunansu da noti daga sama sun zama kamar baka. Tsawonta kusan mita 2, faɗi mita 1.4, tsayi mita 1.8, an yi ta don mutum shida. Ana binne ta cikin rami mai zurfin da ya kai mita 1.2, a rufe samanta da ƙasa mai kaurin akalla inci 15, wato santimita 38. Kwanon ya fi wanda muke rufin ɗaki da shi a gida kauri nesa ba kusa ba, kuma an shafe shi da tutiya, shi ya sa ya kai shekara tamanin da ɗoriya a ƙasa. Babban abokin gabanta tun ranar farko ruwa ne. Tun zamanin yaƙin mutane ke kukan tana cika, har ƙananan hukumomi suka riƙa zuba kankare a ƙasan wasu. Saboda haka aikinka, kashi uku cikin huɗu, aikin ruwa ne. Fenti daga baya yake zuwa.

Kayan aiki

Na jiki tukuna: safar hannu mai kauri, takalmin roba mai tsawo, tabarau na kare ido, hular kwano, da takunkumi mai lamba FFP3. Takunkumin kyalle ba ya tare ƙurar tsatsa da ta tsohon fenti.

Na haƙa da kwasa: shebur, cokali mai yatsu na lambu, baro, bokiti biyu, almakashin yanke reshe, ƙaramin zarto, da tocila mai ƙarfi, wadda ake ɗaurawa a goshi ta fi.

Na ƙarfe: buroshin waya, ƙaramar guduma, sifana mai daidaituwa, man sassauta noti irin WD-40, maganin tsatsa, fentin ƙasa mai tutiya, fentin kwalta, injin huda, sababbin noti da washa masu tutiya, da guntayen kwano don faci. Sifana mai daidaituwa na ce, domin notin wancan zamani awon inci ne, sifanar milimita sai ta lalata masa kai.

Na ruwa: tsakuwa, bututu mai huji-huji, leda mai kauri irin ta shimfiɗa kududdufin kifi, tiyo, da ƙaramin injin jan ruwa. Sai katako huɗu ko biyar masu ƙarfi don tokara.

Ba lallai ka saye su duka rana ɗaya ba. Na matakai uku na farko kusan duk akwai su a gida, injin jan ruwa kuwa ana ba da hayarsa.

1. Ka san matsayinka kafin ka ɗauki shebur

In gidan haya ne, ka nemi izinin mai gida a rubuce. In naka ne amma yana cikin gidajen da aka yi wa rajistar tarihi, ka tambayi ƙaramar hukuma. In mafakar ta haye iyaka tsakaninka da maƙwabci, wanda yakan faru don wasu gidaje biyu suka haɗa tasu, to ku zauna ku yi magana tukuna.

Ka kuma ɗauki hoto ta kowace kusurwa, ciki da waje. Bayan shekara biyu, hoton ne zai gaya maka ko bakan ya ƙara sunkuyawa.

2. Dubawa daga bakin ƙofa

Ranar farko ba a shiga. Ka buɗe ƙofar, ko ka janye abin da aka toshe ta da shi, ka bar iska ta shiga yini guda. Duk wanda ya taso kusa da masu haƙar rijiya ya san abin da rami rufaffe ke iya yi wa numfashi. Wannan ba ta kai rijiya zurfi ba, amma ruɓaɓɓen ganye da tsofaffin gwangwanayen fetur ko maganin ƙwari suna gurɓata iskarta.

Ka tsuguna a bakin ƙofa ka haska sama. Layin notin da ya haɗa fallayen ya kamata ya tafi a miƙe. In ya lotsa a tsakiya, ko wani falle ya zame daga ɗan'uwansa, ko gefe ɗaya ya turo ciki, kada ka shiga sai ka tokare. Tokarar ita ce katako ɗaya a kwance a ƙarƙashin ƙololuwar, biyu a tsaye suna riƙe da shi, ƙafafunsu a kan faffaɗan katako don kada su nutse a laka. Kullum a sami wani a waje yana jinka, waya a hannunsa. Yara kuwa a nisanta su har a gama.

Abubuwa huɗu ne in ka gani za ka dakata.

Na farko, duk wani ƙarfe mai kama da harsashi, gurneti ko bam. Har yau ana tono su a lambunan Birtaniya, kuma wasu mutane sun ajiye ƙananan bama-baman tada gobara a matsayin abin tunawa. Kada ka taɓa, kada ka wanke don ka gane ko mene ne. Ka fitar da kowa ka kira 999, lambar kiran gaggawa ta Birtaniya.

Na biyu, asbesto, wani kayan gini da ƙurarsa ke cutar da huhu in an shaƙa. Bayan yaƙi mutane sun yi faci da fallayen siminti masu launin toka, masu tudu da kwari kamar kwano, irin abin da muka sani a silin tsofaffin gidajen gwamnati. Ba a haramta asbesto gaba ɗaya a Birtaniya ba sai 1999. Ba a fasa shi, ba a yi masa zarto, ba a goge shi da buroshi. Ka tambayi ƙaramar hukuma yadda ake kwashe shi. Haka nan in ka tsinci abin rufe fuska na kare iskar guba na zamanin yaƙin, kada kowa ya sa shi a fuska, matacinsa yana iya ƙunsar asbesto.

Na uku, jemage. Doka ta kare shi a nan, laifi ne a tashe shi ko a toshe masa hanya. In ka ga ƙananan kashi baƙaƙe masu marmashewa kamar gari idan an murza, ka nemi shawarar masu kula da namun daji. Bushiya ma takan yi barcin hunturu a irin wurin, daga wajen Nuwamba zuwa Maris, shi ya sa ban fara kwasa a wannan tsakani.

Na huɗu, in taka ba ta kwano ba ce. Akwai na bulo masu rufin kankare. In ka ga kankaren yana ɓarewa, rodi ya bayyana da tsatsa, wannan aikin injiniya ne. Kwano yana sunkuyawa sannu a hankali ya ba ka alama, kankare kuwa faɗowa yake yi.

3. Kwasar shara da yanke saiwa

Da hannu da bokiti ake kwasa, daga ƙofa zuwa ciki. Ka ɗan yayyafa ruwa in akwai ƙura. Kada ka cire safar hannu, domin ruwan da ɓera ya yi fitsari a ciki yana ɗauke da cuta mai kama hanta da ƙoda, kuma ta ɗan ƙaramin yanka take shiga. In zazzaɓi ya kama ka cikin mako biyu ko uku bayan aikin, ka gaya wa likita inda ka shiga.

Ka riƙa duba abin da kake zubarwa. A ƙasan tawa, ƙarƙashin laka mai kaurin taƙi ɗaya, na sami tukwanen fure biyu na yumɓu, ɗaya cikinta baƙi ƙirin da hayaƙi. Wata dattijuwa maƙwabciyata, wadda ta kwana a irin wannan mafaka tana ƙarama, ita ta fahimtar da ni: kyandir ake kunnawa a cikin ɗaya, a kifa ɗayar a kai, ya zama abin ɗumama wuri. Na wanke su na mayar da su ciki, suna nan a kan kantar ajiye kaya.

A waje, duk itacen da ya tsiro a kan tudun ko a jikinsa sai an sare shi. Amma a nan mutane ke yin kuskure babba: su kama kututture su fizge. Saiwar ta riga ta ratsa tsakanin fallaye, in ka ja ta da ƙarfi sai ta buɗe haɗin. Ka yanke daidai da ƙasa, duk lokacin da ya toho ka sake yankewa, har ya mutu ya ruɓe a inda yake. Yana ɗaukar shekara ɗaya ko biyu.

4. Gano ta inda ruwa yake shiga

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma shi ne matakin da na tsallake a shekarata ta farko. Na goge tsatsa, na shafa fenti mai tsada cikin watan Satumba, kafin Fabrairu ruwa ya kai mini gwiwa, fentin duk ya kumbura ya ɓare daga ƙasa. Kuɗin da wahalar sun tafi a banza, kuma danshin da ya maƙale a bayan fentin ya ƙara wa tsatsar ci.

Ka kwashe ruwan da ke ciki tas, ka bar ƙasan ta sha iska. Sannan ka jira ruwan sama, wanda a ƙasar nan ba ya wuyar samu, ka shiga da tocila ana tsaka da yi. Hanyoyi uku ne.

Ta sama: za ka ga ɗigo daga ramukan noti, ko layin ruwa yana bin haɗin fallaye.

Ta ƙofa: ruwan lambu yana gangarowa ta matakala. Wannan ya fi yawa, kuma ya fi sauƙin magani.

Ta ƙasa: ka kwashe, sama ba ta zubar ba, amma bayan kwana biyu ruwa ya dawo, garau da shi, ya tsaya a wani tsayi bai wuce ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ke nan. Yankunan da ƙasarsu yumɓu ce, kamar mafi yawan Landan, sun fi fama da shi. Ka sa alama da alli a jikin kwano, ka rubuta kwanan wata, ka bi shi tsawon hunturu guda. In za ka iya haƙurin wannan hunturu kafin ka kashe ko sisi, ka yi.

Akwai na huɗu da ba shigowa yake yi ba, wato raɓa. Iska mai ɗumi ta taɓa kwano mai sanyi, sai ka ga ɗigo-ɗigo ko'ina a rufin kamar gumi. Mutane sukan ɗauka yoyo ne. Bambancin shi ne yoyo wuri ɗaya yake bi, raɓa kuwa ta game ko'ina, kuma maganinta iska ne.

5. Yi wa ruwa hanya

Na ƙofa: ka haƙa ɗan lambatu a gaban matakalar sama, faɗin shebur, zurfin santimita 30, ka kwantar da bututu mai huji, ka cika da tsakuwa, ya gangara nesa da mafakar. Ka ɗaga matakalar farko ta ɗara ƙasan lambu da ɗan yatsa uku ko huɗu, ka yi wa ƙofar 'yar rumfa. In babu bututu, tsakuwa zalla ma tana aiki, sai dai takan toshe da wuri. Ƙarshen lambatun ya faɗa ramin tsotse ruwa, wato rami cike da duwatsu, nesa da ginin gida da akalla mita 5. Kada ka juya shi lambun maƙwabci, kada kuma ka haɗa shi da bututun bahaya.

Na ƙasa: ba a toshe shi, sai dai a ba shi masauki. In daɓen ƙasa ne, ka haƙa rami a kusurwar da ta fi gangara, zurfin santimita 40, ka huhhuda bokitin roba ka zaunar a ciki, ka kewaye shi da tsakuwa, ka yi masa murfi. Duk ruwan zai taru a nan. In kaɗan ne, ka riƙa kwashewa da moɗa sau ɗaya a mako. In da yawa ne, ka sa injin jan ruwa mai tashi da kansa idan ruwa ya hau. In kuwa kankare ne a ƙasan, ka share kusurwoyin da kyau, sau da yawa za ka tarar tun asali an bar ɗan rami don wannan, laka ce ta cike shi. Kada ka fasa kankaren, shi ne yake riƙe da ƙafafun kwanon yanzu.

Wasu sukan zuba sabon kankare har ya hau jikin kwano, wai don su hana ruwa. Ba na goyon bayan haka ko kaɗan. Ruwa zai sami tsagin da ke tsakanin kankare da kwano ya zauna a ciki, a inda idonka ba ya gani, buroshinka ba ya kaiwa, kuma daidai nan ƙarfen zai cinye. Gara tsakuwa mai kaurin santimita 10, a ɗora dandamalin katako mai tazara a kai, wanda za ka iya ɗagawa ka duba ƙasa. Haka masu ita na farko suke yi.

In ruwan yana hawa sama da rabin mita kowane hunturu duk da wannan, ka karɓi gaskiya: taka mafakar bazara ce. Ka bar ta fanko daga Nuwamba zuwa Afrilu, ka kulle ƙofar da kwaɗo saboda yara.

6. Buɗe bayanta

In yoyon sama kaɗan ne, kana iya tsallake wannan mataki ka toshe ramukan daga ciki. In da yawa ne, sai an kwashe ƙasar da ke kanta. Aikin bazara ne, tsakanin Mayu da Agusta, a makon da hasashen yanayi ya nuna babu ruwa.

Ka tokare ciki tukuna. Sannan ka fara daga ƙololuwa, kana saukowa gefe biyu daidai wa daida: baro ɗaya daga dama, baro ɗaya daga hagu. Ƙarfin baka yana cikin daidaiton nauyin da ke danne shi ta ɓangarorin biyu. In ka kwashe gefe ɗaya ka bar ɗayan, ƙasar da ta rage za ta tura shi ya karkace, kuma jiƙaƙƙiyar ƙasa mita ɗaya ta kowace fuska tana kusan tan biyu. Ka tsaya a daidai ƙasan lambu, ko ka ɗan zarce da taƙi ɗaya. Kada ka tone har gindi sai in ka yi niyyar fitar da ita gaba ɗaya. Idan ka kusa kwanon ka ajiye shebur ka koma ƙaramin cokalin lambu da tsintsiya, don bakin shebur yana kankare tutiyar da ta rage. Kuma kada kowa ya hau kai bayan an tsiraita shi.

7. Tsatsa

Ka bi kowane falle da ƙaramar guduma kana ƙwanƙwasawa a hankali. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda ya cinye sai ka ji shi dum, ko ya riƙa zubar da ɓawo. Wurare uku suka fi lalacewa: taƙi ɗaya na ƙasa inda kwano ya haɗu da laka ko kankare, kewayen noti, da fallayen gaba da rana da ruwa ke duka.

Ka bambanta launi biyu. Fari-fari ko toka mai kama da gari, tutiya ce ta tsufa, tana nan tana aikinta, goga ta sama-sama ta wadatar. Ja ko ruwan ƙasa, ƙarfen kansa ne yake ci. Nan za ka sa buroshin waya har ɓawon ya kare, ka share, ka shafa maganin tsatsa, ka bar shi ya yi baƙi ya bushe yadda aka rubuta a jikin gwangwanin. In akwai tsohon fenti, ka ɗauka yana da dalma: ka jiƙa shi kafin ka kankare, kada ka sa masa injin gurza ko wuta.

Huji ƙarami, wanda bai fi kwabo ba, noti da faffaɗar washa biyu da ɗan kwalta a tsakani sun isa. Babba kuma sai faci: ka yanko kwano mai tutiya wanda ya zarce ramin da santimita 10 ta kowane gefe, ka lanƙwasa shi ya bi tudu da kwarin na asali, ka shafa kwalta, ka ɗaure da noti. Kwanon zamani tudunsa bai yi daidai da na Anderson ba, don haka in ka ji wani yana rushe tasa, ka roƙi fallayen ko ka saya, sun fi komai dacewa. Kada ka yi faci da alminiyam ko jan ƙarfe, haɗuwar ƙarfe iri biyu a cikin danshi tana gaggauta ci. Walda kuma a ciki, a'a. Hayaƙin tutiya yana sa zazzaɓi mai tsanani, ga wurin a matse.

Notin da yake riƙe da kyau, ka ƙyale shi ko da ya yi tsatsa. Wanda kansa ya cinye, ka jiƙa shi da mai kwana biyu, in ya ƙi ka yanke shi, ka sa sabo nan take kafin ka taɓa na gaba. Ɗaya bayan ɗaya. In ka kwance uku a jere, fallen zai zame, ramukan ba za su sake haɗuwa ba.

Sai fenti. Fentin ƙasa mai tutiya a duk inda ka goge. Daga waje, kwalta shafi biyu. Daga ciki, fentin da aka rubuta cewa yana kama ƙarfe mai tutiya, domin fentin mai na yau da kullum ɓarewa yake yi a kansa. Fari ko ruwan madara ya fi, yana ƙara haske, kuma sabuwar tsatsa tana saurin nuna kanta a jikinsa. Ka yi a rana busasshiya mai zafin da ya haura digiri 10, bayan hantsi, lokacin da raɓa ta kau. Ƙofa a buɗe, kana fita shan iska kowane minti goma sha biyar.

8. Mayar da rufin ƙasa

Idan kwalta ta bushe, ka shimfiɗa tsohon kafet ko bargo, sannan leda mai kauri, falle ɗaya ba haɗi, ta sauko gefe biyu ta ɗan baje waje kamar bakin malafa, yadda ruwa zai zuba nesa da bango. A ƙarƙashin bakin ledar ka zuba layin tsakuwa. Ka ɗora wani kafet ɗin a kan ledar saboda duwatsu masu kaifi. In ba ka sami ledar kududdufi ba, ledar da magina ke shimfiɗawa ƙarƙashin daɓe, ninki biyu, za ta yi.

Ka mayar da ƙasar kamar yadda ka kwashe ta, gefe biyu tare, daga ƙasa zuwa sama, kana dannawa da bayan shebur. In ƙarfen lafiyayye ne, ka kai santimita 38 ɗin asali. In ya sha faci, rabin haka ya isa, ba bam kake jira ba. Amma kada ka bar shi tsirara, ƙasar ce ke rage raɓa, ita ke sa ciki ya yi sanyi da bazara, ya kuma hana ƙanƙara da hunturu.

Ka shuka abu mai gajeriyar saiwa don ya riƙe ƙasar: ciyawa, na'a-na'a, latas, ko ƙananan furanni. A zamanin yaƙi har kabewa da kabeji ake nomawa a kai. Ni na'a-na'a na sa, ina tsinka don shayi.

9. Iska, haske da ƙofa

A bangon baya akwai fallen da aka yi shi don a iya kwance shi daga ciki a fita in ƙofar gaba ta toshe. A samansa, ko kusa da shi, ka fitar da bututu mai faɗin santimita 10 ya leƙa waje, bakinsa yana kallon ƙasa, da raga saboda ɓera. A ƙasan ƙofar gaba ka bar wata kafar mai raga. Iska ta shiga ta nan ta fita ta can. Ƙofar katako ce mai sauƙi, tana buɗewa waje, kuma a iya buɗe ta daga ciki ko da an rufe. Bakin kwanon da ke kewaye da ƙofar yana yanka kamar wuƙa, ka tsaga tsohon tiyo ka sanya masa.

Haske, fitilar batir ko mai cajin rana. In lallai kana son lantarki saboda injin ruwa, ƙwararren mai gyaran wuta ne zai ja shi, da waya mai sulke da na'urar da ke yanke wuta in ta sami matsala. Kada ka jawo waya daga kicin ka bar ta kwance a ciyawa.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada a kunna gawayi, risho, kasko ko janareta a ciki, ko da ƙofa a buɗe take. Mu mutane ne masu son kaskon wuta da turaren wuta idan sanyi ya matsa, kuma wurin yana jan mutum ya zauna. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, a ɗaki mai mita biyu kuwa mintoci kaɗan take bukata.

10. Abin da ake ajiyewa, da zagayen shekara

Dankalin Turawa, tuffa, tukwanen shuka, kujerun roba da kayan lambu suna jin daɗin wurin. Albasa, shinkafa, gari, takardu, tufafi da darduma kuwa fumfuna za ta cinye su cikin wata ɗaya. Kantar ajiye kaya ta tsaya da ƙafafunta, kada ka huda kwano don rataye ta, kuma ka bar tazarar tafin hannu tsakaninta da bango.

A watan Oktoba da Nuwamba ka share ganyen da ya zuba a matakala da lambatu kowane mako, ka gwada injin ruwa da bokiti ɗaya. Cikin hunturu ka leƙa bayan kowane ruwa mai ƙarfi, ka duba alamar allinka. A watan Afrilu ka ɗaga dandamalin katako ka jingine shi a rana, ka kwashe lakar da ta taru a bokitin, ka bi gindin kwano da guduma, ka gwada layin noti da hoton farko. Duk ɗigon tsatsar da ka gani a kan farin fenti, ka zagaye shi da alli, ka goge ka shafe shi a makon farko na Yuni da rana ta fito.